Lambobi Huɗu da Alhaji Ya Ba Ɗansa

A gidan yayata wannan lamari na cacar ƙwallo a waya ya faru, a cikin birnin Kano, kuma da yardarta da ta mijinta nake rubuta shi. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada in kama suna, kada in faɗi unguwa. Don haka maigidan zan riƙa ce masa Alhaji, yadda kowa yake ce masa, 'ya'yan kuma yaron da yarinyar. Ni malamin sakandare ne, kwamfuta nake koyarwa, shi ya sa duk wata rigimar waya a dangi ni ake nema. Wannan karon sai da aikin gama ya gama sannan aka kira ni.

Gidan

Alhaji ɗan Kantin Kwari ne, shadda da yadi yake sayarwa, shagonsa ɗaya, yaron shagonsa ɗaya. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, lissafinsa da ajami yake rubutawa a wani dogon littafi mai baƙin bango, bokon Hausa kuma yana haɗa baƙi a hankali. Turanci dai babu. Kusan shekara 30 da tsabar kuɗi yake ciniki, ya ƙirga, ya ɗaure, sai sun taru ya kai banki.

Canjin kuɗi na farkon 2023 shi ya rusa masa wannan tsari. Da Babban Banki ya sauya takardun N200 da N500 da N1,000, tsofaffi suka ɓace sababbi suka ƙi fitowa, Kwari kakaf ta koma tiransifa. Wanda bai iya ba sai dai ya zauna yana kallon mai saye yana shigewa shagon maƙwabci. Alhaji ya je Farm Centre ya sayi babbar waya, a banki aka sa masa manhaja, aka ce ya zaɓi lambobi huɗu na sirri kada ya gaya wa kowa. Ya dawo gida a daren ya kira ɗansa, wanda lokacin yake da shekara 13, ya ce, "Zo ka riƙa duba min wannan abin, idona ba ya gani sosai." Ya gaya masa lambobin.

Daga ranar, kullum bayan sallar isha'i yaron ne akawun babansa. Wa ya turo, nawa ya turo, a tura wa wane kaza. Alhaji yana kishingiɗe da littafinsa yana rubutawa, yaron yana karanto masa. In an gama, yaron ya tafi da wayar ɗakinsu na soro ya sa ta a caji, don a nan aka ja wayar sola. Da asuba ya dawo da ita. Duk wanda ya ga wannan zama na uba da ɗa sai ya yi sha'awa, ni kaina na sha yabawa.

Yarinyar ta girme shi da shekara uku, kuma ita ce idon gidan yake kanta. Lokacin ana tsakiyar cece-kuce kan 'yan TikTok a Kano, Hisba na kame, malamai na huɗuba, har taƙaddamar ta kai Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisba a farkon Maris na 2024 kafin a sasanta ya koma. Alhaji ya ji duk wannan a rediyo, ya yanke hukunci cewa 'yarsa ba za ta riƙe babbar waya ba sai a ɗakin mijinta. Da rajistar JAMB ta zo, dole ta mallaki layi, tunda da shi ake tura lambar NIN zuwa 55019, sai ya saya mata 'yar ƙarama mai madannai, irin wadda samari ke tsokana da rakani-kashi. Ko ita ɗin, uwar takan karɓa ta duba wa ya kira. Shi kuwa yaron, da Alhaji ya sake waya a wannan shekarar, sai ya miƙa masa tsohuwar ba tare da wani sharaɗi ba. Namiji ne, kuma ai yana taimakon babansa.

Yadda kuɗin suka riƙa zurarewa

Abin da zan faɗa a nan daga bakin yaron na ji shi daga baya, na kuma gwada shi da takardar banki, ya yi daidai.

A gidan kallon ƙwallo ya fara ganin abin. Ɗan Arsenal ne na gani-kashe-ni. Wani saurayi mai shagon cajin waya a bakin layinsu ya nuna masa yadda ake haɗa wasanni goma a tikiti ɗaya, a sa N200 ko N500, in duk sun shigo a kwashi dubbai. Kamfanonin wannan caca ba sa yi wa ɗan ƙasa da 18 rajista, to amma mai cajin ya haura 18, da sunansa da asusunsa aka buɗe wa yaron, shi kuma yana cire ɗan lasonsa a duk abin da ya shiga ko ya fita. Da kuɗin tara na makaranta yaron ya fara. A mako na uku ya sa N500 ya ci N18,000. Ya sayi rigar ƙwallo, ya ce wa uwarsa abokinsa ne ya ba shi. A ganina wannan cin shi ne babbar asarar da ya yi a duk lamarin, don da tikitinsa ya yi ta yankewa tun farko, da wataƙila ya haƙura.

Cacar wasannin Asabar da Lahadi tana da jira, sai an buga an tashi. Ba da daɗewa ba ya koma wadda ba ta da jira, wasannin da kwamfuta ke bugawa da kanta a gama cikin 'yan mintuna, dare da rana. Daga nan sai wasan jirgi: jirgi yana tashi a fuskar waya, kuɗinka suna ninkuwa yana ƙara sama, in ka janye kafin ya ɓace ka ci, in ka yi kwaɗayi ka ƙara daƙiƙa ɗaya komai ya tafi. Zagaye ɗaya ba ya cika minti. Mutum zai iya ƙona N10,000 kafin shayi ya huce. Ga kuma wani zaure a Telegram inda ake sayar da wasannin da wai an riga an san sakamakonsu, shi ma ya zuba musu nasu rabon.

Kuɗin tara ba za su ɗauki wannan ba. Ga wayar Baba tana caji a gefen katifa, ga lambobi huɗu a ka. Daren farko N2,000 ya tura wa mai caji, ya goge saƙon banki, ya kwanta gabansa yana faɗuwa. Gari ya waye ba wanda ya ce uffan. Alhaji ba ya duba ragowar kuɗi a manhaja, abin da yaron ya karanto masa shi ne gaskiya, kuma a shagon da ake juya dubban ɗaruruwa a rana, N3,000 ko N5,000 ba sa nuna kansu.

An ga alamu, fassara su ne ba a yi ba. Ya fara makara sallar asuba, aka ce girma ne, samari da barci. Sakamakonsa na zango ya yi ƙasa, aka ce sabon shiga babbar sakandare ne. Yayata ta tuna wani abu da ya ba ta mamaki a lokacin amma ba ta kawo komai ba: wata rana aka ci Arsenal, yaron ya shigo gida yana murna. Wata rana kuma suka ci, ya ƙi cin tuwo. Ƙanensa ya ce ya daina kallon wa ya zura ƙwallo, bugun kwana da katin gargaɗi yake ƙirgawa, kuma yana bin wasannin wasu ƙasashe da ko sunan ƙungiyoyinsu ba ya iya faɗa. Wanda ya san harkar, wannan kaɗai ya ishe shi. A gidan babu wanda ya san ta.

A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, a Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca, ba Tarayya ba. Na tuna Alhaji yana yaba wa Hisba a kan tabarma, yana cewa gara a tsabtace gari. A wannan daren ma, bisa takardar banki, N7,000 sun fita daga asusunsa da ƙarfe 1:40.

Yaron shago

Gab da azumin 2025 Alhaji ya tashi biyan dilan da ke ba shi kaya, don ya ɗauko na sallah. Littafinsa ya ce akwai kuɗin, banki ya ce babu. Giɓin ya haura N400,000.

Bai kawo ɗansa a rai ba ko sau ɗaya. Wanda ya zo masa shi ne yaron shagonsa, wani saurayi daga ƙauye da ya shekara shida tare da shi, wanda wani lokaci yakan karɓi tiransifa a asusunsa in na Alhaji ya ƙi shiga. Aka tara shi gaban maƙwabtan shago. Ya rantse, ya yi kuka, ya ce a kawo Alƙur'ani. Alhaji ya ce ba zai kai shi wurin 'yan sanda ba albarkacin zaman tare, amma ya ajiye masa mukulli. Yaron gida yana nan, ya ji duk abin da aka yi, bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi kuɗin yi wa uban ciwo daga baya.

Mako biyu bayan haka kuɗi suka ci gaba da raguwa, alhali wanda ake zargi ba ya nan. A nan ne yayata ta kira ni. Na ce wa Alhaji ya je banki ya karɓo takardar shige da fice ta wata takwas. Muka baje ta a falo bayan an sha ruwa. Ba ta buƙaci wani gwaninta ba. Ciniki duk tsakanin safe da magariba yake, sai kuma ga wasu ƙananan kuɗi suna fita tsakanin sha biyun dare da ukun dare, kusan kullum, zuwa asusu ɗaya. Na karanta sunan mai asusun. Yayata ta ce, "Ai wannan mai cajin bakin layi ne." Na tambayi Alhaji a ina wayarsa take kwana. Bai amsa ba. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya daɗe yana kallonta.

Daren da aka fasa wayar

Ba zan tsawaita a nan ba. An yi duka, irin wanda Alhaji bai taɓa yi wa ɗa ba, kuma ya ɗauki wayar yaron ya buga da ƙasa har sau biyu. Ya ce ba shi ba waya har abada. Na yi ƙoƙarin in karɓi wayar kafin a fasa, don a cikinta ne za a ga iyakar ramin, ko akwai bashi, ko akwai wasu yaran, amma ban samu dama ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin lamarin ya cancanci a rubuta. Kwana goma bayan an fasa waya, ƙanensa ya gan shi a shagon mai caji, riƙe da wayar wani, jirgi yana tashi. Asusun cacar ba a cikin wayar yake ba, yana can a intanet, duk wayar da ya ara zai shiga da lambarsa. Kuɗin kuwa na cefane ne da uwar ta aike shi, ya ce sun faɗi. An bar jaki an daki taiki.

Na ɗauke shi a babur muka tafi can wajen gari, inda ba wanda ya san mu, na saya masa tsire. Sai da muka kusa tashi ya yi magana. "Kawu, wallahi ban taɓa niyyar sata ba. Kullum cewa nake yau zan ci in mayar kafin Baba ya sani." Na ce to yanzu da Baba ya sani fa, me ya mayar da kai? Ya ce, "In ban ci na biya ba, ta ina zan samu dubu ɗari huɗu?" Yaron da ya haddace ayar giya da caca ta cikin Ma'ida tun yana aji huɗu a Islamiyya, ya san haramun ne sarai. Abin da ya riƙe shi bashi ne, kuma hanya ɗaya ya sani ta biyansa, ita ce wadda ta jefa shi ciki. Duka da fasa waya sun ƙara masa nauyin bashin a rai, ba su nuna masa wata ƙofa ba.

Abin da aka yi daga baya

Sai da na sha fama kafin Alhaji ya yarda a zauna. Na fara da abin da ya fi masa ɗaci. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mukullin shagonka ba ka taɓa ba shi ya kwana da shi ba. Wannan lambar ta fi mukullin shago." Ya ce ai ɗansa ne. Na ce ɗanka ne da ka ba lambar yana da shekara 13, shi kaɗai a soro, da tsakar dare.

Muka je banki aka sauya lambar, aka rage iyakar abin da za a iya turawa a rana. Sannan aka zo ga tambayar da ba a shirya mata ba: to wa zai riƙa karanta wa Alhaji? Na ce babu kowa, shi zai koya. Kalmomin da yake buƙata ba su kai goma ba, na rubuta masa su da ajami a bayan littafinsa, kowace da ma'anarta, wannan shiga, wannan fita, wannan ragowa. Wadda ta zauna da shi dare bayan dare har hannunsa ya faɗa, yarinyar ce, wadda aka hana babbar waya don kada ta lalace. Ita ta nuna masa inda ake ganin tarihin duk abin da aka tura, wanda goge saƙo ba ya gogewa.

Bashin aka mayar da shi abin da ake iya gani. Alhaji ya buɗe masa shafi a baƙin littafin, ya rubuta adadin a sama. Yaron yana zuwa Kwari ranar Asabar da duk ranakun hutu, ana yanka masa ladan yini kamar kowane yaron shago, ana cirewa daga bashin, shi da kansa yake rubuta ragowar. Ni na ba da wannan shawara, kuma ina da shakka a kanta, don kai mai ciwon caca inda ake ƙirga kuɗi kamar ba kura ajiyar nama ne. Alhaji ya ce ba zai taɓa aljihun tebur ba, aikinsa ɗauko kaya daga sito da aunawa da naɗewa. Ya zuwa yanzu hakan ya riƙe.

Mai caji, Alhaji ya so ya kai shi Hisba. Mai unguwa ya shiga tsakani, aka kira shi da mahaifinsa, aka rufe asusun a gaban kowa. A wurin ne aka gano ba yaronmu kaɗai ba ne, akwai wasu uku a layin, ɗaya ma bai kai shi shekaru ba. Iyayen biyu sun gode. Na ukun ya ce sharri ake wa ɗansa.

Bayan wata huɗu aka ba yaron waya, saboda makarantarsu a WhatsApp take tura aikin gida, kuma na gaya wa Alhaji gaskiya cewa yaron da ba shi da waya a gida yana da goma a waje. Na haɗa ta da tawa ta manhajar Family Link ta Google. Ba ya sauke wata manhaja sai na amince, ina ganin awa nawa ya yi a kan me, ƙarfe goma na dare kuma tana kulle kanta. Na gaya masa duk abin da nake gani da wanda ba na gani, don ban ga amfanin leƙen asiri a kan yaron da ake so ya daina ɓoye-ɓoye ba. Kuma na san iyakar abin. Wayar da ke hannunsa kaɗai yake tsarewa, ba ya tsare ta abokinsa. Abin da ya fi manhajar aiki wata tsohuwar roba ce ta yayata. Ƙarfe goma kowa ya zuba wayarsa a ciki, ta kwana a ɗakinta, aka kuma ja wayar sola zuwa can. Alhaji ya so ya cire kansa daga dokar. Yayata ta ce masa, "Alhaji, ai taka ce ta fara kwana a waje." Ya zuba.

Inda nake ganin aka yi sake

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron ya yi laifi, ya kuma bari aka tozarta bawan Allah a kan laifinsa, ba na rage masa ko ɗaya. Amma gidan nan ba gidan sakaci ba ne, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Suna da tsaro, sai dai duk sun tattara shi a ƙofa ɗaya. Abin da suka ji a rediyo da huɗuba shi ne waya tana lalata 'ya mace ta hanyar rawa da samari, suka tsare wannan da gaske. Ba wanda ya taɓa ce musu tana cin ɗa namiji ta hanyar ƙwallo, a ɗakinsa, ba tare da ya taka ƙofar shagon caca ba. Lalacewar mace a wurinmu abin kunya ne da ake gani, ta namiji kuwa sai ta zama kuɗi ko ƙwaya ko wuƙa sannan ake kiranta da sunanta.

Ɗaya abin kuma ya fi gidan yayata faɗi. A ajin da nake koyarwa na sha tambaya, wa ke riƙe da lambar sirrin bankin babansa ko ta mamarsa? Hannuwan da ke tashi suna da yawa. Mun saba uba ne ya san hanya, ɗa yana binsa. A waya abin ya juye, ɗa ne jagora, uba makaho, kuma makaho ba ya sa ido a kan ɗan jagoransa. Duk nasihar da ake yi wa iyaye cewa su riƙa duba wayar 'ya'yansu tana ɗauka cewa sun iya duba tasu.

Ni ma ina da nawa kason. Shekara biyu ina ganin yaron da wayar babansa, na san abin da lambobi huɗun nan ke buɗewa fiye da kowa a dangin, abin da na yi kawai shi ne na ce Allah ya yi masa albarka.

Bayan sallah Alhaji ya ɗauki yaron suka tafi ƙauyen tsohon yaron shagonsa. A gaban mahaifin saurayin da 'yan'uwansa yaron ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, Alhaji kuma ya nemi gafara, ya ce ya dawo bakin aikinsa. Saurayin ya ce ya yafe duniya da lahira. Komawa dai ya ce a yi masa haƙuri, ya samu wani maigidan a kasuwar Wambai. Da Alhaji ya koma Kwari ya bi maƙwabtan da aka tara a ranar, shago shago, ya gaya musu wanda ya ɗauki kuɗin.

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa shagon. Yaron yana naɗe shadda, shafinsa na littafi ya nuna saura N163,000. Wani mai saye ya ce ya tura kuɗi, Alhaji ya ɗauko tabarau, ya buɗe bayan littafin inda na rubuta masa kalmomin, ya kara wayar kusa da hanci yana bi da yatsa. Ya ɗauki kusan minti biyu. Yaron yana tsaye a gefensa, da kallo ɗaya zai gaya masa, amma bai matso ba, uban kuma bai kira shi ba.